Gidan Zanzaro a Fiffiken Jirgi

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da na sauka da jirgin sama a gonar wani dattijo a gefen Aujara. Na ce sauka ne don in rufa wa kaina asiri, waɗanda suka gani da idonsu faɗuwa suke cewa. Yanzu na yi ritaya, furfura ta cinye kaina, ina zaune a Limawa inda aka haife ni, amma duk bazara idan na ji ƙaurin sassabe sai ƙafata ta hagu ta ɗauki zogi.

Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ni kuma ina saurayi mai ji da kansa, ina koyon tuƙin jirgi a aikin sojan sama. Jirgin da ake koya mana ƙarami ne, farfela ɗaya a hanci, kujeru biyu. Malaminmu mutum ne mai nacin tsiya. Ba ya barin ka hau sai ka kawo masa hanyar da mai yake bi, da ka, kamar hadda. Har yau ban manta ba. Man wani irin fetur ne na musamman, yana zaune cikin fukafukai, tanki ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Tsakanin kujeru akwai wani ɗan hannu kamar kan famfo, da shi kake zaɓar tankin da inji zai sha, ko ka rufe duka. Daga nan man ya bi bututu, ya ratsa filta, famfon da injin yake juyawa ya tsotso shi. Akwai famfo na biyu mai aiki da batir, ko na farkon zai gaza. Sai kuma wani siririn bututu a ƙarƙashin kowane fiffike, bai kai ɗan yatsa kauri ba, wanda ko ɗigon mai ba ya ɗauka, iska kawai yake shigarwa.

"Duk wanda ya taɓa huda gwangwanin madara ya san aikin wannan," in ji malam. "Huda ɗaya, madara ta ƙi zuba. Ka ƙara ta biyu, ta zubo. Idan iska ba ta shiga ta maye gurbin man da aka sha ba, tanki yana cike zai hana injinka."

Jirgin da aka ba ni ran nan ya yi makonni a ajiye yana jiran kayan gyara. A wannan zaman ne zanzaro ya samu bututun iskar fiffiken dama, ya shige can ciki inda ido ba ya kaiwa, ya yi gininsa na laka ya toshe shi. Wannan sai daga baya masu bincike suka gano. Da safen ni da makaniki mun zagaya jirgin, mun leƙa bakin bututun, tas yake.

Ni kaɗai na tashi. Darasin ranar shi ne tafiya ƙasa-ƙasa, kana bin taswira kana gane gari da ido, kuma hanyar ta bi ta kan ƙasarmu, sai na ji kamar kyauta aka yi mini. Na hango duwatsun Dutse da dabinonta, na nemi rufin gidanmu ban gane shi ba, duk kwano iri ɗaya ne daga sama. A nan na murɗa hannun daga tankin hagu zuwa na dama, yadda tsari ya ce, don nauyi ya daidaita. Na wuce Kiyawa lafiya lau, na karkata wajen Aujara, har ina 'yar waƙata.

Sai injin ya yi tari. Na dubi geji, allurar tankin dama tana kusa da cike. Ya sake tari, ya yi shiru. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba, sai ƙarar iska kawai. Hannuna ya yi abin da aka koya masa tun kafin kaina ya dawo: na kunna famfon batir, na mayar da hannun kan tankin hagu. Injin ya kama sau ɗaya ya sake mutuwa. Yana bukatar ɗan lokaci kafin mai ya sake cika bututu, ni kuma ina ƙasa sosai, ba ni da lokacin. Na yi kira a rediyo na faɗi inda nake. Na zaɓi wata gona mai faɗi, na rufe mai gaba ɗaya, na kashe batir, na yi kalmar shahada.

Bazara ce, gonaki fayau, ana ta sassabe, an tara ƙirare da kara tsibi-tsibi ana ƙonawa. Na bi tsawon kunyoyin bara, tayoyi suka taɓa ƙasa, har na fara cewa alhamdu lillahi. Ashe akwai kututturen gawo a gaba. Ya kama fiffiken dama, jirgin ya juya, ya kafa hanci a ƙasa.

Da ƙura ta lafa na ga ina raye. Na ja murfin gilashin jirgin da ke saman kaina, ya ƙi motsi, ya lanƙwashe a kan hanyarsa. Na ja ƙafata ta hagu, ƙarfen gaba ya danne ta, zafin da na ji ya gaya mini ta karye. Sannan warin ya iso hancina. Kututturen ya farke tankin dama, wannan dai tankin da ya hana injina ko kurɓa ɗaya a sama, ga shi yanzu yana tsiyayar da mansa a ƙasa ba rowa. Man ya samu kwarin kunya ya miƙe kamar ruwan sama. Na bi kunyar da ido. A ƙarshenta akwai tsibin sassabe yana ci da wuta.

Mutane suka fara ɓullowa daga gonakin kusa, da fartanya da gatari a hannu. Gabansu wani dattijo ne dogo, siriri, da wando iya ƙwauri da malafa a ka, shi ne mai gonar. Bayansa matarsa, wadda ta kawo masa abinci. Akwai 'yar taga a jikin murfin, na kafa bakina a ciki na kwarara ihu.

"Ku gudu! Fetur ne! Zai fashe, ku koma baya!"

Wasu suka ja da baya. Dattijon ya ƙaraso ya leƙo, mamaki ya kama shi. "Kai, ashe Bahaushe ne! Sannu, yaro. Ina ka ji ciwo?"

"Baba, don Allah ku tafi. Ku dubi wutar can."

Ya juya ya dubi man, ya dubi wutar, ya dawo da idonsa kaina. "A gonata ka sauka," ya ce. "Faɗa mana abin da za mu yi, ka bar maganar tafiya."

A raina na ce waɗannan bayin Allah ba su san mene ne fetur ba. Amma tun da sun ƙi tafiya, sai na shiga ba da umarni ta 'yar tagar. Wani ya ɗaga gatari zai sari murfin, na ce a'a, ƙarfe a kan ƙarfe zai yi tartsatsi, a nemo icce. Wata ta taho da tulun ruwa, na ce kada ta zuba, fetur kan ruwa yake hawa ya ƙara gudu, ƙasa ake so. Matar dattijon ba ta jira na gama ba. Ta kifar da tuwon mijinta a ƙasa, ta cika kwanon da rairayi, ta watsa ƙarƙashin fiffiken inda man yake zuba. Sauran matan suka bi ta, wasu da ƙwarya, wasu da zanen goyo. Shi kuma dattijon ya ruga tsakiyar kunyar, ya sare ta da fartanya, ya shiga tara ƙasa yana datse man, yana kiran maza su binne wutar.

Ba su gama binne ta ba. Man da ya riga ya wuce datsiyar ya kai gare ta, sai na ji wani bum, wuta ta miƙe ta biyo kunyar a guje ta nufo mu. Na rufe ido. Na tuna mahaifiyata, wadda tun farko ba ta so aikin nan ba, na ce yau za a kai mata labarin a ƙone aka same ni, kusa da gida. Da na buɗe ido sai na ga dattijon tsaye kan datsiyarsa, wuta tana lasar ƙafafunsa da man ya jiƙa, yana ta sheƙa mata ƙasa da fartanya. Bai matsa ba. Mutane suka rufa masa da ƙasa ta ko'ina, har da shi suka binne zuwa gwiwa. Wutar ta tsaya a nan. Na yi shekaru ina koyar da wannan fanni daga baya, kuma bisa abin da ke cikin littafi bai kamata ta tsaya ba. Allah ne ya tsayar da ita, ta hannun mutumin nan.

Da wata azara da aka ciro daga rumfar gona suka ɓanɓare murfin, da ita kuma suka ɗaga ƙarfen da ya danne ni. A amalanken shanu aka kai mu bakin titi, ni da shi, muna kwance gefe da gefe. Ina nishi, shi kuma yana ce mini, "Yi haƙuri, soja, an kusa." Fatar ƙwaurinsa duk ta saɓule.

Sai da damina ta yi nisa na iya takawa da sanda. Mahaifina ya ce ba zan koma bakin aiki ba sai mun je mun yi godiya, muka hau mota har Aujara. Muka tarar da dattijon zaune a zaure, ƙafafu a miƙe, sun warke amma sun yi dabbare-dabbare. Bai yi noma ba a shekarar, maƙwabta ne suka yi masa gayya. Inda man ya zuba kuwa ko ciyawa ba ta fito ba. Matarsa ta aiko mana da fura, tana tsokanata daga bayan ƙofa wai har yanzu tana bina tuwo kwano ɗaya.

Bayan an gaisa an yi addu'a, na kasa riƙe abin da ke cina. Na ce, "Baba, da kun san abin da fetur yake yi, da ba ku tsaya ba. Ni na san rashin sani ne ya sa kuka yi kasada da ranku."

Ya yi murmushi ya dubi mahaifina. "Alhaji, ɗan naka yana zaton ba mu san fetur ba." Ya juyo gare ni. "Ƙanena direba ne. A hanyar Kiyawa motarsa ta kama wuta yana ciki. Ni na je na kwaso abin da ya rage."

Da ƙyar na ce, "To me ya hana ku gudu?"

"In gudu in ce wa mahaifiyarka me?"

"Ai ba ku san ta ba, Baba."

"Na san kana da ita," ya ce.

Mahaifina, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya sunkuyar da kai ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Ni kuwa kuka na yi sosai, da kakina da komai, ban ji kunyar kowa ba.

Dattijon ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, ya sa ƙafafun nan su tsallake wutar gobe. Na ci gaba da tuƙi, na yi aure, na ga jikoki, kuma duk wannan a kan abin da ya yi ran nan yake tsaye. A wurin aiki an koya mini yadda zan tsere wa haɗari, kuma ilimi ne mai kyau. A gonarsa na koyi cewa mafi girman alheri shi ne na mutumin da ya san sarai abin da zai same shi, yana da hanyar gudu a buɗe, amma ya tsaya saboda ɗan wata matar da bai taɓa gani ba. Tun daga ranar, idan na ga wani cikin wahala zuciyata ta ce ina ruwanka, ba ka san shi ba, sai in ce mata shi ma yana da uwa.