Na'urar Bubayero da Saniyar Goggo Hindatu

Malam Bubayero ɗan makiyaya ne daga wajen Kiyawa. Ya yi karatun lafiyar dabbobi, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, sannan ya koma zagaya rugage a kan babur. A da, idan ana son sanin ko saniya tana da ciki, hannu ake zurawa har kafaɗa, kuma ƙaramin ciki kan ɓoye wa gwani. Shi ya sa Bubayero ya sayi na'urar hoton ciki ta hannu, wadda ake jona wa kwamfuta.

Kwamfutarsa laftof ce mai babbar manhaja iri biyu, sabuwa da tsohuwa. Da ya kunna, sai ta tambaye shi wacce zai shiga. Sabuwar ta saƙonni ce da intanet. Tsohuwar kuwa, ita kaɗai ce ta san na'urar.

Wata safiya sabuwar ta sabunta kanta, tambayar nan ta ɓace, hanyar shiga tsohuwar ta toshe. A makon ne goggonsa Hindatu ta aiko cewa an yanke shawarar kai farar saniyarta kara a sayar wa mahauta, wai juya ce. Ita dai ranta bai yarda ba.

Bubayero ya ɗauki kwamfutar sai Dutse, shagon Ashafa mai gyara.

"Baba Likita, kamfanin ya daina kula da wannan tsohuwar," in ji Ashafa. "Ko na buɗe maka ita yau, gobe sabuwar za ta sake rufe ta. Kuma in ka shiga intanet da ita, ba ta da kariya."

"Wai sun tambaye ni kafin su daina?"

Ashafa ya yi dariya. "Ba su da lambarka, Baba."

Bubayero, ransa a ɓace, ya ce, "To, fitar min da sabuwar."

"Sabuwar? Baba, mutane tsohuwa suke cirewa!"

"Saƙo na iya zuwa ta waya. Ka taɓa ganin saniyar da ta nemi intanet?"

Ashafa ya kwashe takardun Bubayero da ke cikin kwamfutar ya adana, ya goge sabuwar, ya gyara wa tsohuwar hanya, ya kashe mata intanet ɗungurungum.

Ranar kasuwa Bubayero ya isa rugar goggonsa, ya tarar har an ɗaura wa saniyar igiya. Ya jona na'ura, ya duba a natse, sannan ya juya allon wajen Goggo Hindatu. Ga wani ɗan abu yana bugawa ɗif-ɗif.

"Goggo, ga jikanki."

Goggo Hindatu ta rangaɗa guɗa, ta kwance igiyar da hannunta.

Da damina saniyar ta haifi maraƙa. Kwamfutar tana nan tana aiki har yau, kuma ba ta ƙara sabunta kanta ba.