Injinan da Suka Tsufa a Kwali

A layin masu kayan gini babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Sai-Ya-Tashi ake ce masa, kuma yana amsawa, don shi ya jawo wa kansa. Ka zo ka taya rodin da ya jibge a sito, ya dube ka, ya dubi rodin, ya ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne yanzu, sai ya tashi." Farashi yake nufi. Ka je ka dawo bayan watanni, amsar tana nan yadda ka bar ta.

Da tsohuwar ƙusa ya fara. Yana saurayi yake bin wuraren da ake rushe gini, ya tsince ƙusoshin da suka lanƙwashe, ya zauna da guduma yana miƙe su ɗaya bayan ɗaya, ya kai wa kafintoci. Har yau farcen babban yatsansa na hagu a murɗe yake. Daga ƙusa ya koma kwaɗo da sakata, daga nan sai rodi da kwanon rufi da bututu. Duk ilimin kasuwancinsa bai wuce abu ɗaya ba: ƙarfe ba ya ruɓewa. Ka saya lokacin da kowa ke kukan rashin ciniki, ka shafe shi da baƙin mai saboda tsatsa, ka danna kwaɗo, ka jira. Bai taɓa sayar da siminti ko fenti ba, wai su kaya ne masu ajali, ɗaya ya daskare, ɗaya ya bushe. Da wannan dabara ya gina gida, ya sa yara makaranta, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba. Mutumin da dabararsa ba ta taɓa ba shi kunya ba kuwa, wuyar sha'ani gare shi.

Yaran duk sun watse. Babban ya zama direban babbar mota, sai dai a ji muryarsa a waya. Matan cikinsu kowacce tana gidanta da aikinta. Saura Auta, wanda ya karanta harkar kwamfuta, ya dawo yana taya shi zaman shago kafin aiki ya samu. Tsohon bai taɓa faɗa da bakinsa ba, amma duk layin an sani, babu abin da yake so a duniya kamar Auta ya zauna tare da shi ya gaji shagon. Yana jin tsoron ranar da zai waiwaya ya ce a miƙo masa abin awo, ya tarar ba kowa a bayansa.

Wata rana suna cin abincin rana a kan benci, Auta ya ce wani kamfani a wani gari mai nisa ya kira shi aiki. Tsohon ya ajiye lomar da ya ɗauko. Ya sha ruwa, ya yi gyaran murya, ya ce, "To in mutum yana so ka zauna, me zai yi?"

Auta ya yi dariya, da ya ga ba wasa ake ba sai ya fito da waya ya nuna masa hoton wani akwatin ƙarfe mai fanka gaba da baya.

"Inji ne, Baba. Aikinsa ɗaya, lissafi ba dare ba rana. Duk wanda injinsa ke wannan lissafin, ana biyansa da kuɗin intanet, wanda ake kira kirifto. Shi ake ce wa haƙa. Da ina da irinsu a ɗakin bayan nan, me zai kai ni wani gari?"

Tsohon bai gane kuɗin da ba a riƙewa a hannu ba, bai kuma wahalar da kansa ba. Tambaya biyu ya yi.

"Jikinsa ƙarfe ne ko roba?"

"Ƙarfe ne."

"Shi injin, kuɗinsa yana tashi?"

"In kirifto ya tashi, shi ma yana tashi, don kowa nemansa yake yi."

Duk sauran bayanin da Auta ya yi ranar, ta kunne ɗaya ya shiga ya fita ta ɗaya. Wannan amsar ce kawai ta zauna.

Sai ga Sai-Ya-Tashi ya yi abin da layin bai taɓa gani ba, ya buɗe sito ya sayar da kwanon rufi tun bai tashi ba. Aka yi odar injina shida daga waje. Auta ya ba kamfani haƙuri, ya tuɓe riga ya shiga gyaran ɗakin baya. Ya ja wayar wuta mai kauri, ya fasa bango ya dasa manyan fankoki, ya jera sola a kan rufi, ya sa aka haɗa masa kanta ta ƙarfe. Tsohon yana zaune a bakin ƙofa, baki har kunne, duk wanda ya wuce sai ya ce masa, "Auta ne ke aiki."

Da injinan suka iso, aka buɗe ɗaya aka jona. Ya ɗauki ƙara kamar injin niƙa, zafi ya cika ɗakin, kafin yamma ƙura ta fara taruwa a bakin fankarsa. Tsohon ya tsaya yana kallo, ransa bai so ba. A wajensa, kayan da aka yage wa leda ya zama tsoho ke nan. Ana cikin haka Auta, don ya faranta masa, ya ce ai tun daga ranar da aka yi odar zuwa yau kuɗin injin ya ƙaru sosai. Da ya sani da ya ja bakinsa ya tsuke.

Washegari Auta ya zo ya tarar da ɗakin baya wayam. Kwalayen nan biyar suna sito a kan katako, an lulluɓe su da tamfol. Na shidan ma an goge shi tas, an mayar da shi kwalinsa, an manne. Makullin siton yana aljihun tsoho.

"Baba, ina injinan?"

"Suna nan lafiya. Abin da yake tashi yana kwance, me ya sa za a wahalar da shi? Ka jona shi ya sha ƙura ya ƙone, wa zai saya? Bari ya ƙara tashi mu sayar, mu sayo ninkinsu, sai ka jona waɗancan."

"Ba rodi ba ne, Baba. Kullum ana ƙera sababbi da suka fi ƙarfi. Duk ranar da ya kwana a kwali, abin da zai iya samowa raguwa yake yi. Yanzu ne lokacinsa."

"Ba ka ce ƙarfe ne ba?"

"Jikin ne ƙarfe."

"To shi ke nan."

Ta inda Auta yake shiga ba ta nan yake fita ba, amma tsohon ya kafe. Abin haushin ma, a farko gaskiyarsa ce ta yi ta fitowa. Kirifto ya yi tashin gwauron zabi, injin ya yi wuyar samu, har wani mai shagon kwamfuta ya yi sallama ya taya su da ninkin kuɗinsu. Tsohon ya ba shi kujera, ya saya masa lemo, ya ce masa sai sun tashi. Da baƙon ya tafi ya juya wajen Auta yana murmushi. "Ka gani ko, ɗan boko? Ba ƙara, ba zafi, ba kuɗin wuta."

A gida matarsa ba ta raga masa ba. Tana ninke wanki ta ce, "Malam, yaron nan ka ce ya zauna zai yi aiki, ya zauna. Ina aikin? Kullum sai ya shiga ɗakin nan ya share kanta ba komai a kai."

"Ke me kika sani a kasuwa?"

"Ban san kasuwa ba. Ɗana na sani."

Daga nan farashin kirifto ya faɗi warwas, na injin ya bi shi. Ko a jikin tsohon. Ya sha ganin rodi ya faɗi ya tashi, ya ce haƙuri ne kawai. Auta ya daina gardama. Yana zuwa shago, yana auna wa mutane bututu, yana loda kaya, ana tambayarsa yana amsawa. Tsohon ya ɗauka shirun nan yarda ce, hankalinsa ya kwanta. Fiye da shekara aka yi a haka. Ranar da Auta ya durƙusa ya ce kamfanin nan ya sake nemansa kuma ya amsa, bai ɗaga murya ba, bai ambaci inji ba. Tsohon ya sa masa albarka, don ba yadda zai yi, amma a ransa ya ce yawon ɗan lokaci ne. Da zarar kaya sun tashi, zai kira shi ya dawo.

Ya ci gaba da kula da kwalayen kamar yadda yake kula da komai. Yakan ɗage tamfol ya duba ko ɓera ya taɓa, ya juya su saboda laima, ya mayar ya rufe. Ya sa mai gyaran waya na bakin layi ya riƙa faɗa masa farashin kirifto duk safiya, har maƙwabta suka fara tsokanarsa da "Ya kasuwar sama, Sai-Ya-Tashi?" Shi kuwa ya ce musu su jira su gani.

Kuma ya tashi ɗin. Bayan wasu shekaru mai gyaran waya ya tare shi da albishir cewa kirifto ya wuce duk inda ya taɓa kaiwa. Tsohon ko zama bai yi ba, ya sa aka kira masa Auta a waya. "Ka zo," ya ce cikin murna. "Lokaci ya yi."

Auta ya zo a ƙarshen mako, ya yi ƙiba kaɗan, da agogo a hannu. Tsohon ya kai shi sito, ya yaye tamfol da kansa. Kwalayen suna nan sababbi fil, ko gefensu bai lotsa ba. Ya ciro makullin ya danƙa masa a tafin hannu.

"Ga su. In sayarwa za ka yi, ka sayar. In jonawa za ka yi, ka jona. Na sakar maka."

Auta ya duba lambar da ke jikin kwali, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, a hankali, "Baba, kirifto ne ya tashi, su ba su tashi ba. An yi sababbi kashi-kashi a bayansu. Wannan in ka jona shi yau, wutar da zai sha ta fi abin da zai samo. Ba mai saye sai masu awon ƙarfe a kilo."

"Biyar daga ciki ko ledarsu ba a yage ba."

"Na sani, Baba."

Tsohon ya zauna a kan wani ƙullin rodi. Ya ji zafin asarar, amma ba ita ce ta fi damunsa ba. Ya ce, "To a bar maganar su. Ɗakinka yana nan, wayoyinka suna nan, ban taɓa komai ba. A sayo sababbin. Ko kwanon da ya rage ne sai in sayar."

Auta ya sunkuyar da kai. Ya ce an ƙara masa matsayi a wurin aiki, ya kama gida, matar da zai aura ma a can take aiki. Bai ce a'a ba. Ya ce dai za a duba, ya sa makullin a kan kwali.

Da safe suka fito shago tare. Ƙofar irin ta ƙarfe ce mai naɗewa sama, ta tsufa ta yi nauyi. Tsohon ya duƙa ya kama, ya ja, ta ɗaga kaɗan ta tsaya. Ya sake ja, numfashinsa ya fara fita sama-sama. Auta ya sa hannu ɗaya ya tura ta sama.

"Kullum haka kake fama da ita?"

"Wani lokaci mai shayi yana kama min."

Auta ya fita. Jim kaɗan ya dawo da mai walda da sarƙa da wani ƙarfe mai juyawa. Suka wuni suna aiki, tartsatsi yana tashi, Auta yana awo yana gwadawa, yana cewa a sassauta nan, a ɗaure can. Tsohon yana kallo daga benci, zuciyarsa ta yi sanyi, don rabon da ya ga ɗansa yana aiki a shagon nan har ya manta. Har ya fara cewa masu wucewa, "Auta ne ya zo."

Da aka gama, Auta ya sauke ƙofar, ya kira shi. "Zo ka gwada, Baba. Ja nan kawai."

Ya ja sarƙar da yatsu biyu. Ƙofar ta naɗe sama sumul, ko ƙara babu.

"Yawwa," in ji Auta, yana goge hannu da tsumma. "Yanzu ko kai kaɗai ne za ka iya buɗewa."

Tsohon ya tsaya riƙe da sarƙar. Sai a lokacin ya gane abin da aka wuni ana yi masa. Ya buɗe baki zai yi magana, ya ga Auta ya riga ya ɗauki jakarsa daga ƙarƙashin benci, yana duba agogo kada mota ta tafi ta bar shi.

"Ta yi," in ji tsohon. "Allah ya yi maka albarka. Ta yi sauƙi ƙwarai."