Dabinon da bai kai Helsinki ba

Jiya ina haki na cim ma Injiniya Bashir a layin awon kaya, a filin jirgin Sarki Khalid da ke nan Riyad, na danƙa masa kwalin dabino. Maƙwabcina ne a unguwar Nasiriya, aiki zai kai shi Lisbon. Ƙanwata Hadiza kuwa tana aure a Helsinki, ga ciki wata bakwai, ba abin da ranta ke so sai dabinon ajwa. Har na riga na ce mata saƙo na hanya.

Na ce, "In ka huta, ka ɗan leƙa ka miƙa mata. Ai duk Turai ce."

Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya ciro waya ya nuna min taswira.

"Malam Sani, daga Lisbon zuwa Helsinki kusan awa biyar ne. A jirgin sama fa! Kilomita dubu uku da ɗoriya."

Na ce, "Wallah?" Ya ce, "Wallah."

Abin kunyar shi ne, shekara da shekaru ina yi wa Gwaggona dariya in ta bugo daga Gusau ta ce in leƙa Madina bayan la'asar in gaida ɗanta, sai ka ce Riyad da Madina unguwa ɗaya ce. Har lacca nake yi mata a kan nisa.

Yanzu kwalin na bayan mota. Hadiza ta turo "Yaya, ya iso?" har sau uku.

Gwaggo, ki yafe min. Jama'a, me ake ce wa mai ciki?