Sandar da Sallau Ya Ciza

Sallau taubashina ne. Ubansa, Kawu Manu maƙerin Gagarawa, shi ke bin uwata, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai tuhumata. Tun muna yara ba ya iya zama wuri ɗaya. A sa shi zuga wuta a maƙera, kafin ƙarfe ya yi ja ya sulale bakin kasuwa yana taɓa keken mutane. Kawu ya yi duka har ya gaji. Shekarar da ake ɗibar soja ba wanda ya kama shi, da ƙafarsa ya tafi Kano ya ba da kansa. Aka kai su ƙasar Bama, yaƙin duniya na biyu, can aka haɗa shi da gyaran motocin yaƙi. Bayan shekara huɗu ya dawo da akwatin sifanu da taurin kai da ya ninka na da.

Bai koma Gagarawa ba. Gumel ya zauna, in dai ana kiran abin da yake yi zama. Ya kama gindin wani gawo a bayan kasuwa, ya tara tsofaffin turame huɗu da yake ɗora mota a kai. Motocin ƙasar a lokacin ba su da yawa, amma yashinmu ba ya raga musu, saboda haka aiki bai taɓa yanke masa ba. Ko fura a tsaye yake sha, yana zagaya mota yana zagin direbanta.

Abin da ya fitar da sunansa wata sandar aduwa ce, ba ta fi kamu ɗaya da rabi ba. Sai ya sa a tayar da mota, ya ɗora kan sandar a jikin ƙarfe, ya manna ɗaya kan a kunnensa, ya runtse ido. Kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai ya faɗa maka ciwon, kuma in aka buɗe haka za a tarar. Shi ya sa ake ce masa Sallau Kunne, tun daga Maigatari har Sule Tankarkar. Shi kuwa yana ji da sunan nan fiye da yadda yake ji da lambar yabon da ya zo da ita daga yaƙi.

Yana da wani labari da ba ya gajiya da bayarwa, na wani Sajan makanike a Bama wanda ƙarar igwa ta kurumtar. Wai shi Sajan ɗin sai ya ciji sukundireba ya ɗora a kan inji, ya ji ƙarar ta haƙoransa. Sallau yakan kwaikwaye shi, ya ciji sanda ya zare ido kamar kare ya sami ƙashi, mu kuma mu yi ta dariya har da riƙe ciki. Duk wanda ya taɓa zama gindin gawon nan ya san labarin.

Ni Ɗantsoho, direba ne a lokacin. Ina jan jif ɗin Alhaji Rabe, mai fataucin fatu. Mota ce mai ja da ƙafa huɗu, kuma akwatin giya biyu gare ta: babban, wanda kowace mota ke da shi, da ƙarami a bayansa, wanda ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya in an shiga yashi. Kowanne da mansa daban.

A bazarar 1956 na yi aika-aikar da har gobe nake jin kunyarta. Ina dawowa daga wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, na tsaya sallar azahar, sai na ga mai yana ɗiga a ƙarƙashin motar. Notin ƙaramin akwati ne ya kwance, man ya tsiyaye saura kaɗan. Ina zan ga man giya a wannan dajin? Sai ga wata tsohuwa da kwalaben man gyaɗa. Na ce a raina, ai mai mai ne, abin da ke sa tuwo santsi ba zai kasa sa ƙarfe santsi ba. Na ɗura kwalba huɗu, na ɗaure noti, na taho ina yaba wa kaina basira. Na yi niyyar canzawa da na iso gida, sai na ga mota lafiya lau, na bar shi. Mako uku ina yawo da man suya a cikinta.

Sannan ta fara kuka. Wani siririn kuka ne da ke tashi in ta yi zafi, yana ƙaruwa da gudu. Ranar Litinin Alhaji ya ji da kunnensa, ya ce in kai wa Sallau, kuma lallai Alhamis da safe yana son ta kai shi kasuwar Maigatari.

Sallau ya ɗora ta a kan turame, ƙafafu huɗu suna lilo. Na hau na tayar, na bi giya ɗaya bayan ɗaya. Ya sa sanda nan, ya sa can. Na lura ya daɗe fiye da yadda ya saba, amma ban kawo komai a raina ba. Can ya miƙe ya ce, “Babban akwati ne. Haƙori ya karye.”

Zuciyata ta ce mini ba nan ba ne. Amma in na buɗe baki sai na faɗi zancen man gyaɗa, kuma na san bakin Sallau: kafin magariba sunana ya koma Direban Ƙosai. Na ja bakina na yi gum.

Muka cire kujeru, muka ɗaga ƙarfen ƙasa, ya buɗe murfin babban akwati. Ya tsiyaye mai, ya bi haƙoran giya da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana haska ciki da guntun madubi. Ko ƙwarzane babu. Ya mayar ya rufe. Talata ya ce furofela ce, wato doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfi ƙafafun baya. Ya kwance ta, ya wanke, ya cika mata giris, ya mayar. Na tayar. Kukan na nan, har ma ya ƙara tsini. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda Sallau ya tsaya yana duban fuskokinmu. A fuskar mutane yake neman sanin ko kukan ya daina.

Da la'asar na shiga gidansa shan ruwa. Matarsa Hannatu tana bakin murhu. Ta leƙa zaure ta tabbatar ba ya kusa, sannan ta ce, “Ɗantsoho, ɗan'uwanka fa ba ya ji.”

Na ce, “Yaushe Sallau ya taɓa jin maganar wani?”

Ta ce, “Ba wasa nake ba. Kunnensa na hagu tun a Bama ya mutu, da na dama yake aiki duk shekarun nan. Shi ma tun damina ya fara tafiya. Ko kiran salla sai na taɓa shi. Ya ce in na faɗa wa wani bai yafe ba, amma jiya ko loma bai kai bakinsa ba, sai kai da kawowa yake a tsakar gida.”

Na ajiye kwanon ruwan. Mutum yana ta fama a ɓoye da kunne ɗaya da ya kusa mutuwa, ni kuma da na san inda ciwon yake na zuba masa ido don gudun a yi mini dariya. Na fito da niyyar gobe da sassafe in ja shi gefe in faɗa masa.

Ban samu na ja shi gefen ba. Laraba ko hantsi bai yi ba Alhaji Rabe ya iso, ga masu zaman gindin gawo sun cika, don labari ya bazu cewa wata mota ta gagari Sallau Kunne kwana biyu. Alhaji mutum ne mai kawaici, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malam Sallau, akwai babbar mota da za ta tashi Kano bayan azahar. In abin ya faskara, sai ta ja ta a kai wa makanikan can. Ba laifi ba ne.”

Sallau yana kallon bakin Alhaji, ba idonsa ba. Ya gane. Kuma kowa a wurin ya san in aka ja motar nan aka ratsa kasuwa da ita a ɗaure da igiya, sunan da ya shekara goma yana ginawa ya tafi tare da ita.

Ya ce, “Ɗantsoho, hau ka tayar.”

Na hau. Ya sa sanda a kunne, ya danna har gefen fuskarsa ya yi shaida. Ya koma ɗaya ɓangaren. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya zagaya motar sau biyu, gumi na ɗiga daga gemunsa. Sai ya tsaya cak. Ya dubi sandar, ya dubi jama'a. Ya goge kanta da gefen rigarsa, ya durƙusa, ya sa ta a baki ya ciza.

Wani ya fara dariya, ya zaci labarin Sajan ne za a sake. Da ya ga Sallau bai zare ido ba, dariyar ta maƙale. Wurin ya yi tsit, sai ƙugin inji.

Ya ɗora sandar a babban akwati. Ya yi mini alama da hannu in mayar da lifan ƙaramin akwati zuwa firi, wato in cire shi daga aiki, in bi giya. Na bi. Ya girgiza kai. Ya yi alama in mayar da lifan wurinsa, ya matsa da sandar kan ƙaramin akwati. Ina sakin kuloci na ga fuskarsa ta yamutse, hawaye ya cika masa ido, don girgizar ƙarfen har cikin ƙwaƙwalwa take shiga. Bai saki ba sai da ya bi jikin akwatin taƙi-taƙi ya tsaya a tsakiya. Ya zare sandar, ya tofar da yawu da ɗan jini, ya ce da ƙarfi, irin ƙarfin wanda ba ya jin muryarsa, “Boris ɗin giyar tsakiya ne. Kashe ta.”

Ya tara kwano, ya kwance noti. Abin da ya zubo baƙi ne mai kauri, yana ƙyalƙyalin garin ƙarfe, kuma da zafinsa. Wani tsoho a baya ya shaƙi iska ya ce, “Kai, wa ke suyar ƙosai a nan?” Sallau ya dangwala da yatsa, ya ɗanɗana. Ya ɗago ya dube ni.

Na sauko, na matsa kusa, na ce ƙasa-ƙasa, “Ni na zuba. Man gyaɗa ne.”

Ya ce, “Ɗaga murya, Ɗantsoho. Ai yanzu kowa ya san ba na ji.”

Haka na tsaya gaban Alhaji da rabin kasuwar Gumel ina kwarara ihu cewa ni na ɗura wa mota man gyaɗa kwalba huɗu, kuma tun Litinin na sani na yi shiru. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sallau bai zage ni ba, kuma rashin zagin ya fi mini ciwo. Cewa kawai ya yi, “Miƙo sifana.”

Alhaji ya dube mu, ya aika a ce wa babbar motar Kano ta yi tafiyarta.

Sallau ya buɗe murfin ƙasa na ƙaramin akwati, ya zare sandar ƙarfen da giyar tsakiya ke juyawa a kai. Ta yi shuɗi don zafi, 'ya'yan boris ɗin da ke sa giyar juyawa sumul sun cinye, man ya daskare a kansu kamar ƙanzo. Yana da gawar wata jif irinta a bayan gida, daga nan ya ciro lafiyayyu. Ni aka bar wa wankin akwatin da kananzir, sau uku, yana tsaye a kaina yana shinshinawa. Kafin la'asar sakaliya mun zuba man giya na gaskiya mun ɗaure.

Alhamis da safe ya ce sai ya bi mu. Alhaji ya koma baya ya bar masa gaba. Muka ɗauki hanyar Maigatari, mota ta yi zafi, muka shiga dogon yashin nan da ke cinye manyan motoci. Na ja lifa, ƙafafu huɗu suka kama, ta ratsa sumul. Ba kuka, ba ko ƙis. Sallau ya ɗora tafinsa a kan lifan, ya kasa zama daidai, can ya juyo ya zuba wa bakina ido.

“Ta yi shiru?”

Na ce, “Ta yi shiru.”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Ni yanzu komai shiru ne. Kai za ka riƙa faɗa mini. Amma don Allah ka riƙa faɗa da wuri.”

Na riƙe sitiyari da kyau don hanyar ta fara yi mini hazo-hazo.

Sunan Direban Ƙosai ya bi ni, har 'ya'yana an kira da shi. Shi kuwa ba a daina kawo masa mota ba, har daga Damagaram aka riƙa zuwa neman mai jin ciwon giya da haƙori. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a gindin gawon nan, sandar ta ci masa haƙoran gaba biyu, kuma ba wanda ya fasa ce masa Sallau Kunne. Yana nan yadda yake, fura a tsaye, zagi ga kowane direba. Labarin Sajan ne kawai bai ƙara bayarwa ba.