Ƙuri'ar Dona Zuleide

Shekara ashirin ke nan Dona Zuleide tana suyar ƙosai da manja a gindin mangwaron da ke gaban cocin garinmu. Da kaskon nan ta aurar da 'ya'ya uku, ta binne miji ɗaya, ta kuma tsaya takarar kansila har sau uku, biyun farko ba tare da ta nemi ƙuri'ar kowa ba.

Doka ce ta ce a cikin kowane 'yan takara goma na jam'iyya, uku su zama mata. Valdomiro, ƙanin mijinta, kansilanmu mai tumbi da turare, ya ga abin da sauƙi. Duk zaɓe sai ya zo gindin mangwaro.

"Matar Yaya, a ara mana suna."

Ta ara. Babu fosta, babu yawo, babu ko sisi. Ranar zaɓe ta danna lambarta ta takara a na'urar kaɗa ƙuri'a, tsohuwarta ma ta danna, ta tashi da ƙuri'a biyu, doka ta gamsu. Maza suka ci gaba da zama a kujerunsu suna yabon kansu a rediyo cewa jam'iyyarsu ce gatan mata.

A karo na ukun ne abu ya shiga kanta. Tsohuwar ta rasu a asibitin da ba likitan mata, ba na maza, sai mai gadi. Zuleide ta sa aka rubuta lambarta a jikin allon ƙosai, duk wadda ta saya ta ji: "Ga yajinki, ga lambata." Matan kasuwa suka fara cewa wallahi za su danna. Ni ma na ce.

Valdomiro ya zo yana huci.

"Matar Yaya, wa ya aike ki? Suna muka ara, ba baki ba. Ƙuri'una kike ci!"

"Ranka ya daɗe Kansila, ai na zaci takarar ta gaske ce."

"Ta gaske? Ke da ko jawabi ba ki iya ba? Soya ƙosanki. Kuma bana ni za ki zaɓa, kin ji ni?"

Bayan kwana biyu ma'aikatan tsafta suka gano, bayan shekara ashirin, cewa hayaƙinta na ɓata bangon coci. Aka kwashe ta aka kai bayan mayanka, inda ƙuda ya fi mutum yawa. Na ga matar nan tana juya ƙosai tana share hawaye da bakin zane, raina ya ɓaci ƙwarai. Valdomiro kuwa ya bi gida gida yana gaya wa mazaje su ja kunnen matansu. Zuleide da kanta ta goge allon, ta ce mana kada wadda ta danna lambarta. Muka ce tsoro ya gama da ita.

Valdomiro ya ci zaɓe, aka yanka sa, aka kwana ana kiɗa. Da aka kafe sakamako, gaban sunan Zuleide ba komai sai sifiri.

Abin da kansilanmu ya manta, don bai taɓa karanta dokar da yake taƙama da ita ba, shi ne macen da ko ƙuri'ar kanta ba ta samu ba, kotu kan ɗauka takarar bogi ce. In kuwa ta tabbata, ƙuri'un jam'iyyar duka ake sokewa, har da na wanda ya ci. Lauyan 'yan adawa ya shigar da ƙara tun naman san bai ƙare ba.

Sai ga Valdomiro a bayan mayanka, hula a hannu, yana korar ƙuda.

"Matar Yaya, ke ce uwata. Ki gaya wa alƙali da gaske kika yi takara. Gobe ki koma gindin mangwaronki."

"Ba komai, ƙanina. Gaskiya zan faɗa."

Ta sa farar rigarta ta zuwa coci, muka raka ta. Alƙali ya ce, "Dona Zuleide, yaya aka yi ko ke ba ki zaɓi kanki ba?"

"Ranka ya daɗe, babba ne ya ce in zaɓe shi," ta nuna Valdomiro da leɓe. "Ni kuwa mace ce mai biyayya."

Ta koma gindin mangwaro a ranar da aka rantsar da sabon kansila a kujerar da kotu ta ƙwace daga Valdomiro. Ta sake rubuta lambar a allo, da fenti.