Yadda Na Raba Aminina Da Bindigar Mahaifinsa

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ka sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci na kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma har gobe masallacin Juma'a ɗaya muke zuwa.

Lokacin da abin nan ya faru ni dattijo ne da ya dawo gida bayan ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙasashen mutane. Aikin tafinta na yi wa 'yan kasuwar fata, shi ya kai ni Sudan da Maroko, daga baya Faransa da Jamus. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, da ɗan Jamusancin da zai isa ciniki. Na dawo gidanmu na gado a Ƙofar Doka da furfura da akwatunan littattafai, da kuma wani hali da ban san na ɗauko ba: duk abin da na gani sai na auna shi da na can. Ko shayi aka kawo mini sai na faɗi yadda ake dafa shi a Maroko. Mutanen unguwa suka sa mini suna Baturen Zazzau, ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Ina da amini tun muna makarantar allo. Baduku ne a Ƙofar Kibo, kuma iyakar tafiyarsa a duniya Kano. Yana karanta ajami sarai, amma bai yi boko ba, saboda haka duk takardar da ta shigo hannunsa, ta asibiti ce ko ta makarantar jikoki, wurina yake kawowa. Bayan la'asar zai zo ya zauna a dakalin ƙofar gidana, ya zaro ta daga aljihu ya ce ga aikina ya zo, tunda an ɓata kuɗin jirgi a kaina. Yana da bindigar farauta mai baki biyu, ta mahaifinsa. Ranar rabon gado 'yan'uwansa suka ɗauki gona da ɗakuna, shi ya ce a bar masa bindigar, ya kuma ɗinka mata kube na jar fata da hannunsa. Wata rana ya kawo mini wata tsohuwar takarda da ta yi ja, ya ce lasisinta ne, in duba masa. Ina dubawa na ga sunan marigayin ne a kai, kuma tun rasuwarsa ba a sabunta ba. Shi a ganinsa takarda tana bin bindiga ne a gado, kamar yadda kube yake bin ta. Ni kuwa na san lasisi na mutum ɗaya ne, ba a gadonsa. Na ce masa akwai ɗan gyara, zan raka shi ofis mu daidaita. Ya naɗe ta ya ce ya bar komai a hannuna. Yau da gobe, na manta, shi ma bai sake tambaya ba, don ya san na ce zan yi.

Bayan kamar shekara biyu wasu 'yan fansho daga Tukur-Tukur da tsofaffin maharba na cikin birni suka samu izinin wani fili a bayan gari, a gindin dutse, don gwada harbi ranar Asabar da safe. Aka ɗora wani tsohon soja a kan kula da wurin, ni kuma aka ba ni sakatare saboda bokona. Na yi murna ƙwarai, don na yi shekaru ina zuwa irin wannan fili a Jamus, kuma ina da tawa bindigar da takardunta cif. A can na'ura ce ke cilla faifan yumɓu sama a harbe shi. A nan goruba ake jefawa da hannu. Ranar farko na tara mutane na yi musu dogon bayani a kan yadda ake tsayuwa da yadda ake riƙe numfashi, sannan na ɗaga bindiga na yi ta kuskure, goruba na faɗowa ƙasa lafiya lau. Aminina ya fito da tsohuwar hularsa, ya tsaya yadda ya ga dama, ya dinga tarwatsa su ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon maharbi ya ce ai gorubar Zazzau ba ta jin Jamusanci, in gwada mata Faransanci ko za ta tsaya. Aka fashe da dariya. Aminina ma ya dara, sannan ya zo a gaban jama'a ya dafa kafaɗata ya gyara mini gwiwar hannu, ya ce in sassauta jiki, bindiga ba alƙalami ba ce. Da zuciya ɗaya ya yi, na sani. Amma wurin da ya dafa ɗin nan ya yi kwanaki yana mini zafi.

Haka aka yi ta yi duk mako. Mutanen da a da suke taruwa a zaurena don jin labarin dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa mai bi ta cikin dutse, yanzu hirarsu ita ce hannun baduku. Har a wurin ɗaurin aure na ji ana nuna shi. Na dinga tambayar kaina yaya mutumin da bai taɓa ganin teku ba zai fi ni a abin da na koya a wurin masu shi. In ya harba ya samu, sai in ji kamar ni aka harba. Na kai ina fatan iska ta taso daidai lokacin da zai ɗaga bindiga.

A wani taron ƙungiya na miƙe na ce duk filin harbin da na taɓa shiga a duniya, ba a barin mutum ya taɓa bindiga sai an ga lasisinsa, an gwada lambar da ke jikin ƙarfen da ta takarda. Na ce a halin tsaron da ake ciki, in wani abu ya faru dukanmu za a kira. Ba ƙarya na faɗa ba, kuma kowa ya yarda. Wanda ya fara ɗaga hannu shi ne aminina, har yana cewa shi ba shi da fargaba, tasa takardar Bature da kansa ya karanta ta. A daidai wannan lokacin ina tune da sunan da ke kanta, kuma na yi shiru. Ban tsaya nan ba. Da aka watse na ja tsohon sojan gefe na ce kada ya tsaya a lamba kaɗai, ya duba suna da kyau.

Asabar ta zo, aka kafa tebur a gindin ɗorawa, muka yi layi. Mutum uku ne tsakanina da shi. Sojan ya buɗe takardar ya tambayi sunan wane ne wannan, aminina ya amsa da alfahari cewa na mahaifinsa ne. Sojan ya yi masa bayani cikin ladabi cewa lasisin ya ƙare tun ranar da mai shi ya rasu, ba zai iya barinsa ya shiga ba, kuma ba zai iya barinsa ya koma gida da bindigar ba, dole a miƙa ta ga hukuma. Aminina ya waiwayo ya kira ni Malam, ya ce ai na karanta ta, in yi musu bayani. Na ce takardun da nake karantawa suna da yawa, ba zan iya tunawa ba. Ya juya ga sojan. Sannan ya zare bindigar daga kube, ya goge ta da hannun rigarsa, ya miƙa da hannu biyu, ya naɗe kuben ya sa a hammata ya kama hanya.

Ba a tuhume shi da komai ba, amma sai da ya je ofishin hukuma ya zauna a benci ya yi bayani, dattijo mai jikoki, kuma har yau bindigar tana ajiye a wurin hukuma yana neman sabon lasisi. Ni kuwa na samu abin da nake so. Na zama wanda ya fi kowa a filin, sai dai in na samu goruba ba mai cewa uffan, har tsohon maharbin nan ya daina tsokanata. Da na je wurin aminina na ce zan rubuta masa takardar neman lasisi, sai ya yi godiya ya ce an riga an rubuta. Daga baya na ji cewa sojan, ba da mugun nufi ba, ya yaba masa tsantsenin sakatare, ya ce ni ne ma na tuna masa ya duba suna.

Sai da na yi wata uku kafin na iya zuwa rumfarsa na nemi gafara. Bai ɗago daga ɗinkin da yake yi ba. Ya ce ya yafe don Allah, amma yana da tambaya ɗaya: ranar da ya ɗaga hannu a taro, ina tune ko na manta? Na ce ina tune. Ya gyaɗa kai ya ci gaba da ɗinki. Kuben yana rataye a bangon rumfar, ba komai a ciki.

Har yanzu ina ganin duba takardun daidai ne. Wanda duk ya gaji bindiga, ina roƙonsa ya je hukuma tun yau, kada ya zaci takardar mahaifi za ta tsaya masa. Amma babban gargaɗina ga irina ne, waɗanda 'yan'uwa ke kawo wa takarda su ce karanta mini. Abin da ka gani a ciki amana ce, ba makami ba. In kuma ka miƙe kana kare doka, ka fara tambayar zuciyarka wa take hari, domin ni gaskiya na faɗa a taron nan, kuma da ita na cuci mutumin da ya fi kowa yarda da ni. Da na yi gyaran tun ranar da ya kawo ta, yini ɗaya zai ɗauke mu.

Ni da aminina muna gaisawa, ya zo sunan jikata, ya yi addu'a. Amma jiya bayan la'asar ina zaune a dakali ya zo wucewa da takardar asibiti a hannu. Ya yi mini sallama, ya tambayi iyali, ya wuce da ita wurin mai shagon buga takardu a bakin titi.