Wayar da ɓera ya yi wa tsirara

Matar ɗana ke rubuta min, ni ban yi boko ba.

Daga alwala na taso, zan gyara wayar akwatin intanet da ɗana ya sa mana a gida nan Rano, sai wani abu ya fizge ni har kafaɗa. Na ce shi ke nan, mutanen ɓoye! Na yi ta tofi, na ɗebo ruwan rubutu zan yayyafa wa wayar.

Sai ga maƙwabcinmu Malam Sale mai gyaran wuta.

"Iya, ajiye kofin nan! Ɓera ne ya cinye robar, wayar tsirara take. Ki zuba mata ruwa, sai dai mu zo gaisuwa. Ga jikarki kuma tana rarrafe a gurin!"

Na ce, "In naɗe ta da tsumma?"

"Tsumma ba suturarta ba ce. Sabuwa za a sa."

Ya kashe wutar, ya tafi kasuwa nemowa. Ni kuwa na goya yarinyar, na ƙi sauke ta.

Jama'a, don Allah ku gaya min, in an sa sabuwar, zan iya sauke yarinyar ƙasa?